Garin Zinaren Malam Waliyyu

Malam Waliyyu mutumin Kashin Zama ne, mun daɗe muna koyarwa tare a wata sakandare a Jega. Ni lissafi, shi kimiyya. Mutum ne mai kafiyar tsiya, in ya sa abu a gaba ko me za ka ce ba ya ji.

Da ya shiga jami'ar Aliero ƙaro karatu, yana yi yana koyarwa, sai ya zaɓi aikin binciken da ya fi ƙarfinsa: ya mayar da zinare gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa. Wai ba sai an dafa ba. Gishirin zinare ake haɗawa da busasshen ɓawon albasa, a yi ta niƙa har su sauya. Na ce, "Kai, Waliyyu, talaka da wasa da zinare?" Dariya kawai ya yi.

Gishirin ya gagari aljihunsa. Yayarsa Zinatu ta cire 'yan kunnenta na aure ta ba shi, ya narkar da su ya haɗa gishirin da kansa. Injin niƙan jami'ar kuwa ya daɗe da mutuwa, don haka da ɗan turmin dutse ya yi ta fama, rani da damina, har tafinsa ya yi kanta. Wallahi na sha ganinsa alli na faɗuwa daga hannunsa a aji.

Ranar da garin ya juya ja kamar soɓorodo, da gudu ya zo ya nuna mini. Ɗan mitsitsi ne a gindin kwalba. Saura a kai shi Zariya a duba a na'ura, shi ke nan a ba shi digiri.

Ya je gida da kwalbar don tsohuwarsa ta sa albarka. Ta ce, "Wanga abu mi yaka yi?" Ya rasa yadda zai yi mata bayani, sai ya ce masana na gwada irinsa kan ciwon daji. Kash! Bakinsa ne ya ja masa.

Ashe ƙanwar tsohuwar, Inna Gudiya, tana kwance a Giwa Tazo, daji ya cinye mata nono. Yana masallaci tsohuwa ta ɗauki kwalbar, ta hau mashin, ta je ta dama mata garin duka cikin fura.

Inna Gudiya ba ta kai Juma'a ba. Wa'adin karatunsa ya wuce, Zinatu kuma ba ta da wasu 'yan kunnen. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa za ka yi wa faɗa?

Tare muka je gaisuwa. Tsohuwar ta kama hannun nan nasa mai kanta tana kuka, ta ce, "Ɗana, bai isa ba ne. Da ka niƙa da yawa, da ta tashi."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne, Inna."