Buhun da Alhaji Zubair ke aikowa

Alhaji Zubair yana da labari guda, kuma duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa a kasuwar hatsi ta Funtuwa ya ji shi. Wai da fartanya ɗaya ya taso, babu wanda ya ba shi ko ƙwayar dawa. Yau yana da tirela biyu, da sito uku, da gona a hanyar Maska wadda ido ba ya ganin ƙarshenta.

Ni na san farkon gonar. Ta mahaifina ce, Malam Ummaru. A 1989, ina shekara ta biyu a jami'a, Zubair ya durƙusa a zaurenmu ya roƙi aronta, domin Baba ya tsufa kuma ni kaɗai ya haifa, ga ni mace. Baba ya ba shi, ya haɗa masa da shanun huɗa. Mutanen unguwa suka yi masa gayya, maƙwabciyarmu Inna Hansai ta tuƙa musu tuwo. Sharaɗi ɗaya ne, wanda kowa ya sani a ƙasarmu: mai aron gona yakan kai wa mai ita dami ko buhu duk kaka, don kada a manta ta wace ce. Galla ake ce masa.

Da Baba ya rasu, ina koyarwa a Malumfashi. Zubair ya saye gonakin da ke kewaye da tamu, ya dasa mangwaro a kan iyaka. Buhun masarar gallar bai daina zuwa ba, sunansa ne ya canza. Sai ya riƙa aiko shi a mota, a sauke a ƙofar gida, a ɗauki hoto, a ce Alhaji yana taimakon marayu.

A siyasa ba shi da ɓangare. Duk zaɓe hotunan 'yan takara biyu yake mannawa a rumfarsa. Idan 'yan ƙwadago suka koka da ladan yini, masu gona suka ƙi ƙarawa, shi ake kira ya sasanta, ya ce gaskiya tana tsakiya. Na lura tsakiyar nan kullum a ƙofar sitonsa take faɗowa.

Ɗana Jibril ya karanta aikin gona, ya yi shekara huɗu babu aiki. Ya je wurin Zubair ya roƙi a bar masa gonar kakansa ya noma.

"Ɗana, gonar nan gumina ce," in ji Zubair. "Ku yaran yanzu so kuke a ɗora ku a sama. Fara daga ƙasa kamar yadda na fara."

Ya ba shi tankin feshi, ya sa shi cikin 'yan ƙwadagon gonarsa. A daminar 2022 Jibril ya yi kwana uku yana fesa maganin ciyawa, ba abin rufe hanci, tankin yana yoyo a bayansa. Maganin ya kwantar da shi, ya rasu a asibiti a kwana na tara. Shekararsa ashirin da tara. Ya bar matarsa Najiba da 'yarsu Ummi.

Zubair ya zo ta'aziyya. Bayan addu'a ya ce mini, "Malama, irin wannan ba a ɗora wa kowa laifi. Shi ma yaron, ai da ya kula."

Da Najiba ta fita takaba, na kai magana gaban mai gari: ina son gonar ubana, domin ita da Ummi su ci daga cikinta. Zubair ya ce kyauta Baba ya ba shi, ga mangwaronsa shaida, kuma babu takarda. Sannan ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, ni ba na son rigima. Malama 'yar'uwata ce. A raba gonar biyu, kowa ya ɗauki rabi."

"Rabin me, Alhaji?" na tambaye shi.

Wasu dattawa sun fara gyaɗa masa kai. Sai Inna Hansai, wadda aka kawo a bayan babur, ta yi magana daga inda take zaune.

"Zubairu, buhun da kake aika wa Malama duk kaka, na mene ne?"

"Taimako ne, Inna."

"Malama mai albashi? Ni da nake jingine da katangarta, ba ni da kowa, ko tiya ba ka taɓa aiko min ba. Buhu ɗaya, bayan girbi, gida ɗaya, fiye da shekara talatin. Tun ina yarinya sunan wannan galla."

Wani daga baya ya ce, "Ai har hotuna akwai, Alhaji." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Mai gari ya yanke cewa asalin gonar Baba za ta dawo hannuna da zarar an kwashe amfanin da ke cikinta. Mangwaron na wanda ya dasa ne, in ya nuna ya zo ya tsinka.

Bana Najiba ta shuka waken suya a gonar, sanye da takalman robar Jibril, waɗanda suka yi mata yawa. An ce Alhaji yana nan a rumfarsa yana ba da labarin fartanyar. Kaka ta wuce, buhu bai zo ba.