Kyamarar da Ta Sha Baƙin Mai

Kyamarar ta cije ne a ranarmu ta ƙarshe a masaƙa, can Challawa, ina ƙarasa ɗaukar matan sashenmu hoto. Na ja hannun naɗa fim da babban yatsa kamar kullum, ya je rabi ya tsaya cak. Na sake ja, ya ƙi. Na ce to, ke ma yau kika ga damar yin yaji?

Mahaifina ne ya zo da ita daga aikin Hajji tun ina firamare, baƙa, mai nauyi, irin ta fim. Da ya rasu aka zo rabon kaya, kowa ya kai hannu kan littattafai da agogo da darduma. Ita kuwa ba wanda ya kalle ta, sai na ɗauka. Da ita na yi ta ɗaukar suna da biki a unguwarmu, ba don sana'a ba, don dai raina yana so.

Abin da ya sa na shiga da ita masaƙa kuwa, mu matan sashen duba atamfa da ninkewa 'yan wucin gadi ne. Shekara da shekaru muna tsaye muna neman inda rini ya zame ko zare ya tsinke, amma ba katin shaida, ba takardar ɗauka, balle ta sallama. Da aka ce za a rufe masaƙar a sayar wa 'yan gwangwan injinan, sai ƙawata, wata 'yar kudancin Kaduna da muke teburi ɗaya, ta ce, "Yanzu in na koma gida na ce wa jikokina na yi aikin kamfani a Kano, me zan nuna musu?" Maganar ta tsaya mini a rai. Wayoyi a get ake karɓewa, mai gadi ya san wayar kowa, in ba ki miƙa ba sai ya tambaya. Amma bai taɓa tunanin akwai mai shigowa da tsohuwar kyamara a ƙarƙashin hijabi ba. Na ɗauki kowacce a gaban teburinta, na kuma yi alkawarin kowacce za ta karɓi nata a hannu.

Da ta cije, sai na lulluɓe ta da ƙyalle na tafi sallar azahar. Kafin in dawo, mata sun kira Baba makanike. Dattijo ne mutumin Filato, shi ya riƙe injinan nan da rai tun ba mu zo ba, kuma a wurinsa duk abin da ya cije ƙishirwa ce ke damunsa. Ƙofa, keke, sarƙar inji, maganinsu ɗaya. Na tarar da shi da gwangwanin mansa mai dogon baki, ya ɗiga wa kyamarata baƙin mai ta gindin hannun, yana murmushi.

"'Yata, kwantar da hankalinki. Ta sha, yanzu za ta saki."

Kafin in buɗe baki ya sa yatsan da yake murɗa noti da shi ya danna. Na ji ƙat daga ciki. Hannun ya saki kuwa, yana ta juyawa ba ya jan komai.

"Baba, me kuka yi mini?"

Ya dubi kyamarar, ya dubi gwangwanin. Ban taɓa ganin dattijo ya ji kunya irin ta ranar ba. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ya zan yi da mutumin da shi ma ranar aikinsa ya ƙare? Gyaran gangar Auzinawa dai an riga an yi. Na ƙunshe abata na fita.

Yayana ma'aikacin gwamnati ne a Nassarawa, mutumin kirki, sai dai ya yi imani duk abin da ya tsufa ya gama aikinsa. Da na ba shi labari ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Ke dai taurin kanki ya yi yawa. Jefar da gwangwanin nan, in sai miki waya mai ido uku. Wa yake fim yanzu?"

"Yaya, wayar taku za ta koma jiya ta ɗauko mini matan nan a gaban teburansu?"

"Abin da ya wuce ai ya wuce."

"Bai wuce ba, yana cikin nan."

Ya ce ko kyamarar nake so, akwai sababbi marasa fim, sai in zaɓa. Na gode masa, na ce a bar ni da tawa. Ba ƙin alheri na yi ba. Haushi nake ji yadda kowa ke saurin cewa a jefar, kamar yadda aka jefar da mu.

Na hau adaidaita sahu zuwa wajen Bompai, inda wani tsohon mai hoto ke da shago a bayan sito-sito, manyan motoci na ta tirnuƙe masa ƙofa da hayaƙi. Da can shi ke wanke mini fim, yanzu hoton fasfo yake yi da kwamfuta. Ya karɓa, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Hajiya, wa ya ba ta mai?"

"Mai ƙaunata ne."

Ya bayyana mini cewa fim ɗin ya tsinke daga kwansonsa, duk ya naɗe a ɗaya gefen tsirara. In aka buɗe a haske, ya ƙone. In aka bar shi, man yana tafiya a hankali har ya same shi. Ɗakin duhunsa na wanke fim kuwa ya zama ɗakin janareta, an huda bango an fitar da bututun hayaƙi.

"Hannuna rawa yake yanzu," in ji shi. "Ba zan ɗauki alhakin fuskokin mutane ba."

Na ce to a koya mini. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ga da gaske nake. Ya nuna mini a jikin wata matacciyar kyamara inda zan danna da yadda zan jawo, ya ba ni baƙin ɗan kwano mai murfi da zan saka fim ɗin.

Da tsakar rana na yi aikin, lokacin zafi, ga ba wuta. Na shige uwar ɗaka, na toshe taga da katifa, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, na rufa da bargo da baƙaƙen hijabai. Gumi yana shiga mini ido, ba halin gogewa, don an ce kada jiƙaƙƙen yatsa ya taɓa fuskar fim. Na buɗe bayan kyamarar da lalube. Warin baƙin mai ya buge ni. Na kama bakin fim ɗin ta gefe na yi ta ja a hankali ina salati, tsoro kamar ya kashe ni. Da na ji murfin kwanon ya rufe, sai na yaye bargon na zauna ina haki.

Tsohon ya aika wa wani abokinsa da har yanzu yake wankewa. Hotunan suka dawo. Na ƙarshe-ƙarshen mai ya taɓa su, wani duhu-duhu ya ci gefe, amma fuskokin suna nan. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya. Wasu na same su a Sharada suna layin neman aiki a kamfanin alawa, wasu sai da na aika ƙauyukansu. Baba ma, da na ɗauka tun da safe a gaban injinansa, na kai masa nasa, ya karɓa da hannu biyu.

Ƙawata kuwa ita na fara samu, a tasha, ta ɗaure kayanta za ta koma gida. Ta daɗe tana kallon nata, sannan ta karɓi sauran ta duba har ƙarshe.

"To ke ina naki?"

Wallahi sai lokacin na lura. Kowa yana ciki sai ni.

Yaya ya ce wannan ai mai sauƙi ne, mu je bakin get ya ɗauke ni da wayarsa. Na ce a'a. Da abin da aka ɗauki 'yan'uwana za a ɗauke ni, nawa ya zauna cikin nasu ba a ga bare ba. Na mayar wa tsohon kyamarar na ce a gyara, ko za ta kai baɗi. Ya yi ta mita, ya wanke man, ya ciro haƙoran ƙarfe daga matacciyar nan ya dasa mata. Ta daɗe a wurinsa, amma ta tashi.

Muka je Challawa da Yaya, yana riƙe da ita kamar an ba shi jaririn wani. An sake wa get ɗin fenti, an cire allon sunan, wurin ya zama sito, ana sauke dilolin atamfar waje. Wani sabon mai gadi ya taso.

"Hajiya, ba a hoto a nan."

Na gyara hijabina na tsaya daidai inda muke yin layi da safe.

"Da ku nake. Wace ce ke ma tukuna?"

"Ma'aikaciyar nan ce," na ce masa. "Yaya, ɗauka."