Jatan Landen Yayana

A gidanmu da ke unguwar Haj Yusuf, cikin ɗakin yayana, akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa. Jatan lande yake kiwo a ciki, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, masu jiki garai-garai har kana hango hanjinsu. Daga madatsar ruwan Jabal Awliya ya kamo su, inda yake aikin binciken kifi. Ni kam haushinsu nake ji. Abin da ba a ci, ba a sayarwa, ina amfaninsa?

Ran nan da azahar wasu mutane suka zo cikin mota marar lamba, suka ce minti biyar kawai za su yi da shi. A lokacin sojoji, kowa ya san tsawon wannan minti biyar ɗin. Yana sa takalmi ya ce mini, "Ki kula da ruwan." Shi ke nan sallamarmu.

Ya taɓa koya mini, ina saurare da rabin kunne. Kashinsu da ragowar abinci suna ruɓewa su zama wani sinadari, naitiret, ba launi ba wari. Sai ka ga ruwa tas, alhali guba ne. Duk Juma'a a kwashe kashi ɗaya cikin uku a zuba sabo. Kuma ba na masu tallan ruwa a amalanken jaki ba, don rijiyoyin unguwa sun yi kusa da masai. Na kogi, wanda ya kwana a randa. Akwai 'yar kwalbar gwaji: a ɗiga a cokalin ruwa, in ya yi rawaya lafiya, in ya yi ja to an shiga uku.

Inna ta zaga duk inda ake zagawa, kowa ya ce ba ya wurinsu. Babu ma ƙofar da za ta kai masa tuwo. Sai ta dawo ta shimfiɗa tabarma gaban gilashin. Ba ta taɓa faɗa ba, amma na gane: muddin suna motsi, ɗanta yana numfashi.

Ina ɗauko jarka daga bakin kogi, ina shan zagin kwandastan bas, amma gwaji kullum sai ƙara ja yake. Suka fara mutuwa. Da rana tsaka, gari tsit, sai ka ga ɗaya ya daina iyo, ya kwanta a gefe, jikinsa ya yi fari kamar an dafa shi. Sauran su taru a kansa. 

Ashe Inna ce. Na kama ta tana marmasa musu kisra, waina mai laushi da muke ci da miya, har da ɗan romo a yatsa.

"Haba Inna! Ke ce kike kashe su!"

"Ke 'yar nan, a gidana wani zai kwana da yunwa? Dube su, duk sun rame."

"Haka Allah ya yi su! Abincin ne gubar."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. A wurinmu ko maƙiyi ya shigo sai an ajiye masa kwano, ta yaya zan fahimtar da ita cewa hanawa ce ƙauna? Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye kisrar. A banza, wai an tsikari kakkausa. Na koma canza ruwa sau biyu a mako, har kwalbar gwajin ta ƙare, na zama makauniya.

Bayan babbar salla saura ɗaya. Wata safiya, Inna tana wanka, na same shi kwance bayan dutsen da ke cikin akwatin. Na tsamo shi da cokali, na tona ƙasa gindin darbejiya na rufe. Na tsaya ina jiran ihunta.

Ta fito, ta zauna, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ga shi can. Yau kunya yake ji."

Na duba. Wallahi ciyawar ruwan ta motsa, kuma ba iska a ɗakin. 

Shekara huɗu ina ɗauko ruwa daga kogi saboda akwatin da na san babu kowa a ciki. Ita tana zuba marmashi, ni ina kwashewa a ɓoye. Wani lokaci in je kwashewa in tarar babu. Ban taɓa ɗaga dutsen ba, tsoro nake ji.

Ba mu sake jin labarin yayana ba, ko gawa ba a ba mu ba. Ranar da Inna za ta cika, mata sun kewaye ta ana laƙƙana mata kalmar shahada, ta yafito ni da yatsa. Na sunkuya.

"Yana nan?"

Ban taɓa yi wa mai barin duniya ƙarya ba sai ranar. Na ce, "Yana nan, Inna. Ya ci abinci."