Na Ba Taubashina Aron Sunana Na Wuni Ɗaya

Malam Edita, sallama gare ka da masu karatu. A shekarun da aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai a Bunguɗu. Da damina ina gona tare da mahaifina, da rani ina facin taya a gindin wata bishiyar dogon yaro a bakin titi. Na gama sakandare, kuma hannuna yana da kyau a rubutu, amma Allah ya yi ni da i'ina mai tsanani. In zan ce a miƙo mini ruwa, kafin kalmar ta fito mai miƙowa ya gaji ya tafi. A majalisar samari ni ne mai dariya in an yi abin dariya, ni ne mai gyaɗa kai. Mutane sun ɗauka ba ni da abin faɗa, alhali cikina cike yake da magana har tana hana ni sukuni.

A lokacin babu wayar hannu, rediyo ce dandalinmu. Akwai filin gaishe-gaishe da ake yi bayan la'asar. Za ka sayi kati a wurin mai shago, ka rubuta sunanka da na waɗanda kake gaisarwa, a kai gidan rediyo a Gusau, mai gabatarwa ya karanta duniya ta ji. Kusan kowa da inkiyarsa yake aikawa, kuma da ita ake saninsa. Ranar da na sayi katina na farko na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta Sarkin Zance na Bakin Gulbi. Na san abin dariya ne mai i'ina ya kira kansa haka, amma wa zai gan ni? Da mai gabatarwa ya karanta katin, maganata ta fito daga bakinsa sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya, sai na ajiye tayar da nake riƙe da ita na zagaya bayan bishiya na share hawaye.

Sauran masu aikawa iyaye da 'yan mata da alhazai suke gaisarwa. Ni kuwa sai na ɗauki waɗanda ba mai tunawa da su. Na gaida masu ɗibar yashi a gulbi da jakunansu. Na gaida matan rugage da ke tsallako ruwa da ƙwaryar nono a ka ba tare da ɗigo ya zuba ba. Na gaida manoman Mada da tsuntsaye suka raba dawa da su, na ce su yi haƙuri, baƙi ne ba su san ƙa'ida ba. Akwai makon da na gaida akuyar maƙwabcinmu da ta cinye mini ƙafar wando a kan igiya, na yi mata fatan narkewa lafiya. Kafin shekara ta zagayo, katuna daga Wanke da Tsafe da ƙauyukan da ban taɓa takawa ba suna gaida Sarkin Zance. Ina durƙushe ina faci sai in ji direbobi suna maimaita abin da na rubuta suna ƙyaƙyatawa, ba su san ga mai shi a gabansu da man taya a hannu ba. A wannan sunan na fara sanin cewa ni ma mutum ne mai ra'ayi, mai ban dariya, wanda ake jira a ji ta bakinsa.

Mutum ɗaya ne ya san sirrin, ɗan gwaggona, taubashina, sa'ana. Yana kabu-kabu tsakanin Bunguɗu da Gusau, shi yake kai mini katunan. Shi bakinsa ba ya rufuwa. Zai iya sayar maka da hularka kana sanye da ita, ka yi masa godiya. Wasan taubasai kuwa mun yi shi tun muna yara, ya ɗauke mini takalmi a masallaci, in ɓoye masa makullin mashin, ba mai fushi.

Bayan an gama girbi, ƙungiyar masu sauraro ta Tsafe ta shirya taron zumunci, aka sanar a rediyo har sau uku cewa babban baƙo shi ne Sarkin Zance, jama'a na son ganin fuskarsa. Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Na hango kaina a tsaye gaban mutane, an miƙo mini lasifika, na maƙale a kan sallama. Na hango yadda dariyar za ta fara daga baya. A nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ce wa taubashina ya tsaya a matsayina, na wuni ɗaya tak, ni kuma in raka shi in zauna a gefe in ga masoyana da idona. Ni na kawo shawarar, ba shi ba. Har sabuwar hulata na ɗora masa.

An yi taron a filin wata makarantar firamare. Da aka kira sunan ya miƙe, wurin ya kaure da tafi, tsofaffi suna miƙo hannu, ni ina zaune da jakarsa a cinya. Ya yi magana ta fi rabin awa, yana jero abubuwan da na rubuta kamar a cikinsa aka haife su. Da aka zauna cin tuwo, shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sayar da yadi, ya nuna ni ya tambayi ko wane ne. Taubashina ko ƙiftawa bai yi ba ya ce, “Wanga magatakardana na, Alhaji. Ni ka faɗi, shi ka rubutawa, hannuna bai da kyawo.” Alhaji ya juyo ya tambaye ni ko haka ne. Mutane kusan goma suna kallona. Na gyaɗa kai. Daga nan mai hoto ya jera mu, shi a tsakiya, ni a can ƙarshe rabin kafaɗata ba ta ma shiga ba, kuma cikin mako biyu hoton yana rataye a shagunan teloli daga Tsafe har Gusau.

A hanyar dawowa muna ta dariya, ina ganin an rabu da abin lafiya. Ashe shi a ranar ya ɗanɗana abin da ba zai saki ba. A tasha aka daina kiransa da sunan yanka. Fasinjoji suna barin mashin uku su jira nasa. Sai wata la'asar ina faci na ji an karanta katin Sarkin Zance wanda ban rubuta ba, yana gaida wani mai neman kujerar ƙaramar hukuma da kirari har layi biyar, domin lokacin an fara kaɗa gangar siyasa. Mako na gaba aka karanta wani, yana yi wa wata yarinyar unguwarmu habaici don ta ƙi kula shi, ya siffanta ta yadda duk Bunguɗu ta gane. Yarinyar ta yi wata guda ba ta fita ɗibar ruwa ba. Da sunana aka yi mata wannan, sunan da na gina a kan gaida waɗanda aka raina. Nawa katunan kuwa, in na ba shi, wasu su isa, wasu su kwana a aljihunsa.

Na tare shi a tasha raina a ɓace. Kun san mai i'ina in ya fusata, maganar gaba ɗaya take tsayawa. Ina ta fama, shi yana zaune a kan mashin yana murmushi, har ya ce in bi a hankali, ba inda za shi. Da na samu na fitar da ita, sai ya ce shi bai ƙwaci komai ba, ni na ba shi, kuma ai ya ɗaga sunan ne, da yana hannuna da har yanzu yana gindin bishiya. Na kai ƙara wurin gwaggo, na kai wurin mahaifina. Duka biyun amsa ɗaya suka ba ni, wai wasan taubasai ne, wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ne abin kunya. Mahaifina ya ƙara da cewa in da gona ya ci mini da sai a zauna, amma sunan rediyo ba abin da za a tara dangi a kai ba ne. Wannan magana ta ƙona ni fiye da abin da taubashin ya yi. Da takalmina ya ɗauka da an sa shi ya mayar, amma da yake abin da ya ɗauka ba a riƙe shi a hannu, sai aka ce wasa ne.

Da na ji za a yi babban taron ƙungiyoyi a wani gida a Damba, cikin Gusau, na shirya. Na kwashe kwafin duk abin da na taɓa rubutawa a wani littafin makaranta, na yi kwana uku ina maimaita jimla huɗu a gona inda ba kowa. A wurin taron na ɗaga hannu, aka ba ni dama. Na miƙe, na buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Dariyar ta fara daga baya, daidai yadda na hango tun farko. Da ƙyar na ce ni ne Sarkin Zance, sai wurin ya fashe gaba ɗaya, wani har yana buga ƙafa a ƙasa. Na ɗaga littafin. Mai gabatar da shirin yana wurin, ya duba ya ce lalle ya san rubutun, amma ai kowa ya san magatakarda ne ke rubutawa. Alhajin Tsafe ya miƙe ya ce shi shaida ne, da bakinsa ya tambaye ni a gaban mutane, na kuma amsa. Ƙarya ya yi? Bai yi ba.

Wata malamar makaranta ce kaɗai ta ce a ba mu takarda ni da shi, kowa ya rubuta gaisuwa a nan take, a ga wanda salon zai fito daga hannunsa. Na ga fuskar taubashina ta canza. Amma shugaban taron ya ce su zumunci suka zo yi, ba jarrabawa ba, kuma ga la'asar ta gabato. Suka ba ni shawara in daina hassada, in zaɓi wata inkiyar, sunaye ba su ƙare ba. Har yau ina jin haushin mutanen nan. Shekara biyu suna cewa maganata suke so, amma da aka ce su zaɓa tsakanin maganar da mai iya tsayuwa gaban lasifika, ko minti biyar ba su iya bayarwa ba. Sun fi son wanda zai yi kyau a hoto.

Na gwada shawarar tasu. Na ɗauki sabon suna, na aika kati biyu ta hannun wani direba. A mako na uku aka karanta katin wani daga Wanke yana cewa sabon yaron nan ya daina kwaikwayon Sarkin Zance, ya nemi nasa salon. Daga ranar ban sake sayen kati ba. Na koma faci, daga baya na buɗe shagon kayan keke, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Da taubashina muna gaisawa a biki da suna, gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Sau da yawa na yi niyyar in same shi mu biyu in ce ya faɗi gaskiya ko da a gaban mutum ɗaya ne, sai in ce bari sai wani lokaci.

Bara ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Ina shago na ji an sanar a rediyo cewa Sarkin Zance na Bakin Gulbi ya rasu. Na je jana'iza, na zauna makoki kwana uku, ina karɓar gaisuwar mutanen da suka zo daga nesa suna ba da labarin irin hikimarsa. Da liman ya nemi a yafe masa na yafe, don ina tsoron Allah kuma jinina ne, amma ba zan yi muku ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Ranar uku babban ɗansa ya durƙusa a gabana ya ce, Kawu, an ce kai kake rubuta wa Baba, in akwai sauran takardunsa a wurinka muna so mu adana. Na dubi yaron, idonsa jawur. Na ce masa zan duba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ina ganin yaranmu da wayoyi a hannu, kowa ya buɗe shafi ya raɗa wa kansa suna. Ba na cikin masu zaginsu, don na san abin da irin wannan suna yake yi wa wanda ba a saurara masa a gida. Amma ina ganin masu sa hoton wani don suna jin kunyar nasu, da masu ba aboki shafinsu ya yi magana a madadinsu. Ku ji daga wanda ya gwada. Duk aibin da kake ɓoyewa, fito da shi ka tsaya a kan abinka, a yi dariyar a gama, ba ta kisa. Da na miƙe a Tsafe na yi i'inata, da wuni ɗaya za a yi ana dariya. Iyaye kuma, in yaro ya kawo muku kukan an taɓa masa suna, kada ku ce wasa ne don ba gona ba ce. Ni dai ga shi na tsufa, littafin yana cikin akwatina, kuma jibi zan kai wa ɗan taubashina shi ba tare da na ce masa komai ba. Wannan takardar ma ban sa mata hannu da sunan ba, don yanzu na marayu ne.