Baƙin kajin da suka kawo mana mura

Yau da safe zakarana ya miƙe wuya zai yi cara, sai atishawa ta fito.

Makon jiya na sayo kaji a kasuwar Tambuwal, na nufi akurki da su. Kakata ta tare ni.

"Ɗaure su bayan rumbu har ka ga lafiyarsu. Tun zamanin Shehu haka aka yi."

Na ce, "Haba Inna, baƙonka annabinka!"

Yanzu duk akurkin majina ce. Na ware masu lafiya, wadda ta langaɓe kuwa sai wuƙa. Maƙwabta na jin ƙamshi kullum, har sun fara ce mini Alhaji.

Inna na gwaguyar cinya ta ce mini, "Maigidana, yaushe za mu sake yin baƙi?"

Jama'a, wa ya san magani kafin zakaran ma ya shiga tukunya?