Ranar da Baba Gilbert Ya Shiga Gari a Kishingiɗe

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun da kukan jirgin ƙasa ke tashin gari da safe ya san Meshak, ko da bai san sunansa ba. Da an ce "mai keken nan", kowa ya gane. Mai walda ne a wurin gyaran jirgi, gajere, mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon tartsatsi. Ba ya shan burkutu, ba ya zuwa kallon ƙwallo. Cutarsa ɗaya ce, keke, kuma ba ta jin magani.

Shi a ganinsa, duk keken da ke kanti da kuskure aka ƙera shi. Shekarar da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, abokan aikinsa kowa ya dawo gida da sabon babur. Meshak kuwa ya dawo da matattun kekuna huɗu da bututun ƙarfe a amalanke. Matarsa Afiniki ta leƙo, ta ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi," ta koma kan tukunyarta.

Na farko da ya jawo masa suna shi ne keke mai ninkewa, wanda ya yi don ya riƙa shiga jirgi da abinsa a hannu. Ya yanka keken biyu, ya haɗa tsakiyar da hinjin ƙofa da sakata. Ranar gwaji zumuɗi ya hana shi zura sakatar. Yana isa tsakiyar kasuwa, daidai gaban masu doya, keken ya ninke da shi a kai. Ya tashi, ya kaɗe wando, ya dubi masu dariya ya ce, "Kun gani ko? Yana ninkewa!"

Bayan wannan ya zo da abin da ya fi ƙarfin bakin mutanen gari: keken kwance. Ba shi da sirdi, sai kujerar kishingiɗa da aka ɗinke da tamfol, kusa da ƙasa. Feda na can gaba, inda mutum zai miƙe ƙafa ya same ta. Abin tuƙin kuwa yana ƙarƙashin kujera, hannayen mai hawa a saukake a gefensa. Shekara biyu yana fama da shi, yana yankawa yana sakewa, kuma in za a faɗi gaskiya, bayan Afiniki babu abin da yake so kamarsa.

Mutum ɗaya ne dariyarsa ke yi wa Meshak ciwo, wato surukinsa, Baba Gilbert na Manchok. Mai bishara ne, shekara talatin yana hawa keke kowace Lahadi zuwa wata 'yar majami'a ta ciyawa a wani ƙauye bayan duwatsu, tafiyar mil bakwai. Shekara goma sha biyu da auren 'yarsa, bai taɓa kiran Meshak da suna ba. Kullum "mijin Afiniki".

A wata damina ƙugu ya kama tsohon. Zama a kujera lafiya lau, amma ɗaga ƙafa ya haye sirdi ya gagara. Wata uku bai je ƙauyen ba. Sai dattawan ikilisiya suka aiko cewa in bai koma ba kafin bikin godiyar kaka, za a rufe 'yar majami'ar a haɗa ta da ta wani gari mai nisa. Tsofaffin matan ƙauyen ba za su iya wannan tafiyar ba, kowa ya sani. Afiniki ta dawo daga Manchok ta ce Baba ya daina cin abinci sosai, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon hanya.

Da jin haka Meshak ya miƙe. Ya shiga rumfarsa, ya ɗauki abin da ya fi so, keken kwancen nan, ya sa masa zarto. Ya ƙara taya ta uku a baya don kada ya kayar da tsoho, ya faɗaɗa kujerar. Ranar Asabar ya ɗaure mai ninkewa a bayansa, ya tuƙa har Manchok, Afiniki ta bi shi a mota.

Baba Gilbert ya zagaya abin da sandarsa, sau biyu.

"Mijin Afiniki, wannan gado ne ko keke?"

"Keke ne, Baba. Ba hawa ake yi ba, zama ne."

"Kai, yaro! Shekara talatin in na ga babba a hanya ina sauka a keke in gaishe shi. Yanzu zan shiga garin mutane a kwance, ƙafa na a gaba, kaman wanda bai da tarbiyya? Me za su ce?"

Meshak ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, don ya lissafa sarƙa da birki da nauyin tsoho, amma gaisuwa ba ta taɓa zo masa a rai ba. Afiniki ce ta durƙusa ta ce, "Baba, gara su gan ka a kwance da su daina ganin ka gaba ɗaya." Tsohon ya sake duban keken. Sannan ya miƙa mata sandar.

Da safiyar Lahadi suka kama hanya. Baba na gaba cikin farar rigarsa ta sujada, Meshak na biye a kan mai ninkewa, bayan ya duba sakatar sau uku. Mil na farko tsohon na ta mita. A na uku ya fara waƙar yabo. Daf da ƙauyen akwai doguwar gangara, sai ya daina taka feda, ya ja hularsa kan ido saboda rana, ya bar keken yana gangarawa a hankali.

Yanzu ku dubi abin da matan ƙungiyar zumunta ta majami'ar suka hango daga ƙofa. Ga mutum a miƙe cikin fararen kaya, hannaye a gefe, fuska a rufe, ƙafa ba ta motsi. Ga surukinsa a baya, kai a sunkuye, don shi sarƙa yake dubawa. Ga kuma labarin ciwon wata uku. Shugabarsu, Mama Roseline, ta yar da tulun kiɗanta, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! An kawo mana Baba! Ya ce a binne shi a wurin mu!"

Kuka ya ɓarke. Suka yo kan hanya da gudu, maza suna fitowa daga gidaje suna cire hula. Meshak ya ɗago kai ya rasa abin da ke faruwa. Da suka zo kusa, gawar ta miƙa yatsa ta kaɗa ƙararrawa, ta ture hula, ta ce, "Ku ba ni hanya mana, ban gama sanin birkin ba!"

Aka watse, wasu har cikin gonar dawa. Sai kuma dariya da guɗa suka kaure, har mai kuka ba ta san lokacin da ta fara rawa ba. Mama Roseline ta share ido da bakin zane, ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka saba. Baba ya yunƙura zai sauka, sai ya ga babu inda zai sauka. Fuskarsa da tata suna daidai, ido cikin ido.

"Ashe!" in ji shi. "Ai wancan tsohon keken nawa sama yake kai mutum, shi ya sa ake sauka. Wannan kam tun daga gida na taho a durƙushe."

Ranar majami'ar ta cika har waje, don waɗanda suka zo makoki ba su koma gida ba. Ba a rufe ta ba, kuma Baba Gilbert ya ƙara shekara shida yana zuwa a kishingiɗe. Keken bai sake kwana a Kafanchan ba.

Amma ba wannan ne labarin da Meshak ya fi bayarwa ba. Bayan wa'azi, lokacin sanarwa, tsohon ya nuna bencin baya da hannu ya ce, "Wanda ya ba ni ƙafafu yana nan. Meshak, ɗana, tashi su gan ka." Meshak ya waiga hagu da dama yana neman wani mai irin sunansa. Sai da Mama Roseline ta zungure shi da gwiwar hannu, sannan ya miƙe, hawaye na zuba, yana ta murza hularsa da hannayen nan masu tabo.