Hannun da ya cika zane

An yi mini rashin mutunci a Gazawa, kuma har gobe ba zan ce ba a yi ba. Ku sabbin shiga ku ji yadda aka yi.

Ni ce telar ƙungiyarmu ta wasan ƴar tsana, mai zaga ƙauyuka tana faɗakar da mata. Bayan girbin nan na ɗinka ƴan tsana: mai ciki, da uwarta, da jaki da amalanke. Na yi musu kwalli da zane na fuska da baƙin zare, har idona ya yi ja.

Ranar wasa, shugabanmu Isufu ya sa aka rufe tagogin wani aji na lakol, wato makarantar boko, ya rataya farin ƙyalle, ya aje tocila a baya. Wai a bayan ƙyallen za a yi wasan, inuwa kaɗai za a gani.

Na ce, "Isufu, fuskokin fa? Don jaki na yi kwalliyar?"

Ya ce, "Inna Rabi, silima za mu yi yau. Ki zauna gaba."

"Zan zauna. In an gama ka ba ni kayana, na bar aikin."

Ga yadda abin yake: ƴar tsana in ta matso ƙyalle sai ta ƙanƙance, in ta koma wajen tocila sai ta girma. Ni lokacin ban sani ba.

Amalanke ya fito ɗan mitsitsi, can nesa, an ɗauko mai naƙuda za a kai likita. Yana tahowa yana girma. Sai komai ya ɓace, ya rage hannun uwar kaɗai. Ya cika ƙyallen tun daga sama har ƙasa, yana lalubar goshin ɗiyarta.

Hannun nan da guntun tsumma na yi shi, bai kai babban yatsana ba. Ni na lanƙwasa yatsun, amma ban taɓa ganinsu ba sai ranar.

Wata tsohuwa kusa da ni ta ce a hankali, "Ku kora jakin mana, bayin Allah."

Shekaruna nawa ina ɗinki, ashe fuska nake wa hidima, alhali mutane hannu da doron baya suke karantawa.

Da safe na iske Isufu yana shan shayi. Ya miƙo mini buhun kayana. Na ture shi gefe, na ce, "Tashi ka rufe taga. Tocilar za ka koya mini riƙo."